Raɗa wa Umurni Suna: Matsayin Aikatau a Manhajojin Rumbun Bayanai

1.0 Gabatarwa

Galibin masu nazarin harshe sun ɗauka cewa rubuta manhajar kwamfuta sana'a ce ta masu lissafi, wadda manazarcin nahawu ba shi da ta cewa a cikinta. Amma duk wanda ya zauna ya dubi rubutun wata manhaja da idon basira zai tarar kalmomi sun fi alƙaluma yawa nesa ba kusa ba. Wasu masana biyu na Jami'ar Fasaha ta Munich a Jamus, Deissenboeck da Pizka, sun auna wannan wajen shekarar 2005, suka ga cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na haruffan rubutun manhaja sunaye ne waɗanda ɗan Adam ya zauna ya raɗa. Ita na'ura ba ruwanta da ma'anarsu, ko da baƙi ɗaya aka kira abu za ta yi aikinta. Wanda ke bukatar ma'ana shi ne mutumin da zai zo daga baya ya karanta, ya gyara, ko ya ɗora.

Wannan maƙala ta taƙaita ne ga sunayen abin da ake kira method da Ingilishi, watau jerin umurni da aka tattara wuri guda aka ba shi suna, domin duk lokacin da aka ambaci sunan na'ura ta zartar da su gaba ɗaya. A nan za a kira shi ƙulli, saboda ya yi kama da ƙullin magani: mai karɓa ba ya kwancewa ya bincika, abin da aka faɗa masa yana ciki shi yake gaskatawa. An zaɓi ƙulle-ƙullen da ke hulɗa da rumbun bayanai ne domin a nan kuskure ya fi tsada. Sakamakon jarrabawa, da kuɗin ajiya na banki, da tarihin majinyaci duk a irin wannan rumbu suke kwana, abin da aka shafe kuwa ba lalle ne ya komo ba.

2.0 Asalin aikatan

A shekarar 1970 Edgar F. Codd, wani Baturen Ingila da ke aiki da kamfanin IBM a San Jose ta ƙasar Amurka, ya fito da tsarin adana bayanai cikin jadawali mai layuka da gurabe. Shekara huɗu bayan haka, a 1974, Donald Chamberlin da Raymond Boyce na wannan kamfani suka shirya harshen yin magana da irin wannan rumbu, suka kira shi SEQUEL. Baƙin E na farko a sunan yana wakiltar kalmar Ingilishi ne, domin niyyarsu ita ce wanda bai ƙware a lissafi ba ya iya rubuta umurni mai kama da jimlar yau da kullum. Daga baya aka taƙaita sunan ya koma SQL, hukumar daidaita ma'auni ta Amurka ta amince da shi a 1986, ta duniya kuma a 1987.

Kusan kowace jimla ta SQL da aikatau na umurni take farawa: SELECT don zaɓo bayani, INSERT don shigarwa, UPDATE don sabuntawa, DELETE don cirewa. Tun daga nan aka fara samun tangarɗa. A lissafin da aka gina tsarin Codd a kansa, kalmar zaɓe tana nufin tace layuka, amma a SQL abin da ke biye da SELECT gurabe yake zaɓa, tace layuka kuwa aikin kalmar WHERE ne. Ɗalibin da ya fito daga ajin lissafi ya shiga ajin SQL sai ya tarar kalma ɗaya ta sauya ma'ana tsakanin ƙofa da ƙofa.

Sunayen ƙulle-ƙulle a harsunan manhaja na baya, irin su Java da Python da Ruby, sun gaji wannan al'ada ta fara suna da aikatau. Sai dai ba wata hukuma da ta daidaita su kamar yadda aka daidaita SQL. Kowace ƙungiya ta ɗebo daga cikin aikatan Ingilishi masu kusancin ma'ana, get da find da fetch da load da read, ta ɗora musu ma'anar da ta ga dama. Ba abin mamaki ba ne. Tun a 1987 Furnas da abokan aikinsa suka nuna cewa idan aka ce wa mutum biyu su raɗa wa abu ɗaya suna, da wuya su dace fiye da sau ɗaya cikin biyar. Binciken da Dror Feitelson ya jagoranta a Jami'ar Ibraniyanci ta birnin Ƙudus, a kan masu rubuta manhaja su kansu, ya sami abin da bai kai kashi 7 cikin 100 ba.

3.0 Nema da nemowa

Tambayar farko da ya kamata sunan ƙulli ya amsa ita ce: idan an je rumbu ba a tarar da abin ba, me zai faru? A ce an ba da lambar ɗalibi ana son bayaninsa, alhali ba ɗalibi mai wannan lamba. Hanya biyu ce. Ko dai ƙullin ya dawo hannu Rabbana ya bar wanda ya aike shi ya san abin yi, ko kuwa ya tsayar da aiki cak ya ba da sanarwar kuskure.

A tsarin Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ɗan ƙasar Denmark ya fitar a 2004, find yakan tsayar da aiki in bai samu ba, shi kuwa find_by yakan dawo wofi ba tare da ya ce uffan ba. A tsarin Django na harshen Python, wanda ya fito a 2005 daga ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, get shi ne mai tsayar da aiki, kuma yakan tsayar ko da abin da ya samu ya wuce ɗaya. A Hibernate na harshen Java, wanda Gavin King ya fara a 2001, wannan kalma ta get ita ce aka ba mai dawowa wofi. Ke nan wanda ya saba da Django ya koma Hibernate zai ga kalmar da ya sani, ya amince da ita, ita kuwa ta yi masa akasin abin da ya zata. Kalmar da mutum bai sani ba takan tura shi ya buɗe littafi. Wadda yake zaton ya sani ita ke kayar da shi.

A nan ne nahawun Hausa yake da abin da zai haska. F. W. Parsons na Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Landan ya kasa aikatan Hausa aji bakwai a 1960, bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma ko da yake Paul Newman da wasu sun yi wa rabon gyare-gyare, har yanzu da shi ake koyarwa. Saiwa ɗaya takan ba da saya, da saye, da sayar, da sayo, da sayu, kowanne da inda ya fuskanta. Idan aka dubi nema da nemo sai a ga bambancin da Ingilishi ya ɓoye. Bahaushe yana iya cewa "ya nemi littafin bai samu ba", ba wanda zai ɗaga ido. Amma ya ce "ya nemo littafin bai samu ba", nan take za a ce maganarsa ta ci karo da kanta, domin wasalin -o na aji shida ya riga ya yi alkawarin cewa an je, an samu, an kawo. To, find na Rails da get na Django nemo ne, find_by kuwa nema ne. Abin da Hausa ta warware da wasali guda, masu manhaja sun shafe shekaru suna cacar baki a kansa, domin aikatan Ingilishin da suka ɗauka ba su da wata alama a jikinsu da ke nuna ko an ɗauki alkawarin samu.

Akwai ma na uku wanda ya fi waɗannan rikitarwa. Wani ƙulli ba ya zuwa rumbu ko kaɗan lokacin da aka kira shi. Abin da yake miƙowa wakili ne kawai, kamar a aiki yaro ya sayo buhun gero ya dawo da rasit, sai ranar da aka zo ɗiba a gane ko akwai geron. Hibernate ya kira irin wannan load, alhali lodi shi ne ainihin abin da ba ya yi. Tsarin Spring Data ya kira nasa getOne, mutane suka yi ta ruɗa shi da mai kawo bayani na gaske. A 2021 aka sauya masa suna ya koma getById, ruɗanin bai kau ba, sai a 2022 aka sake sauyawa zuwa getReferenceById, watau "karɓo wakili ta hanyar lamba". Sunan na uku ya fi tsawo, ya fi nauyi a baki, amma shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya, kuma sai da aka yi zanen suna sau uku kafin a kai gare shi.

4.0 Cirewa, kwashewa, rushewa

Aikatan halaka bayani su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu. SQL tana da uku. DELETE yana fitar da layukan da aka ayyana, TRUNCATE yana fitar da dukkan layuka ya bar jadawali tsaye ba komai, DROP yana kawar da jadawalin kansa. Manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan: cire dami daga rumbu daban, kwashe hatsin rumbu daban, rushe rumbun daban. Abin lura shi ne uku ɗin nan na Hausa duk 'yan aji huɗu ne, ajin da ke nuna aiki ya kai matuƙa ba saura. Kalmar DROP kuwa a Ingilishin yau da kullum ma'anarta sakin abu ya faɗi, aiki mai sauƙi irin wanda akan sunkuya a ɗauka. An ba umurni mafi haɗari kalma mafi laushi.

Rails ya zo da nasa biyu, delete da destroy. Wanda ya san Ingilishi zai ɗauka destroy ne mai ɓarna, tun da ma'anarsa ragargazawa. A aikace kuwa shi ne mai natsuwa: yakan ɗauko bayanin tukuna, ya bi dukkan sharuɗɗan da aka gindaya, ya kawar da 'ya'yan da aka ce su bi uwarsu. Shi delete kai tsaye yake aika umurni rumbu, ba ya waiwayen kowa. Idan aka kawar da ɗalibi da shi, kuma rumbun kansa bai kafa shinge ba, sai makin jarrabawarsa su zauna a wani jadawali suna nuni ga mutumin da babu shi. Masu sana'ar kansu marayu suke kiran irin waɗannan layuka, kuma sunan ya dace.

A wannan gida dai aka taɓa samun update_attribute da update_attributes, waɗanda baƙin s kaɗai ya raba su. Mai karatu zai ɗauka bambancin tilo da jam'i ne, gurbi ɗaya ko gurabe da yawa, kuma haka ne, amma an ɓoye wani bambanci a ƙarƙashinsa: mai jam'i yana tantance bayani kafin ya adana, mai tilo ba ya tantancewa. Ɗafi ɗaya aka ɗora wa kaya biyu, ɗaya a bayyane, ɗaya a ɓoye. An janye mai jam'in a bugu na 6.1 a 2020, aka bar update a madadinsa.

Maganar tilo da jam'i ta fi fitowa fili a rumbun MongoDB. A tsohon tsarinsa, update abu ɗaya kawai yake gyarawa ko da dubu sun cika sharaɗi, sai in an ce masa ya gyara duka. Shi kuwa remove duk wanda ya cika sharaɗi yake kwashewa, sai in an ce masa ya tsaya a ɗaya. Aikatau biyu ne masu siga iri ɗaya, ɗaya na nufin tilo, ɗaya na nufin jam'i, kuma mai jam'in shi ne mai halakarwa. Daga bugu na 3.2, ƙarshen 2015, aka shigo da updateOne da updateMany, da deleteOne da deleteMany. Abin da aka yi a nan, a harshen masu ƙirar kalma, shi ne ƙirƙira wa aikatau alamar adadi da hannu. Hausa tana da irin tata ta asali, ninka gaɓar farko: cire da ciccire, gyara da gyaggyara, goge da goggoge.

5.0 Tambaya ko umurni

Bertrand Meyer, Bafaranshen da ya ƙirƙiro harshen Eiffel, ya kafa wata ƙa'ida a littafinsa na 1988: ƙulli ya zama ko dai mai tambaya, wanda ke kawo amsa bai taɓa komai ba, ko kuwa mai umurni, wanda ke sauya wani abu. Yin tambaya bai kamata ya sauya amsa ba. Manazarcin harshe zai tuna da rabon da J. L. Austin ya yi tsakanin furucin da ke ba da labari da furucin da shi kansa aiki ne, irin "na sayar maka" a bakin ɗan kasuwa, wanda da zarar ya fita kaya sun sauya hannu.

Ba kullum ake iya bin ƙa'idar Meyer ba, kuma ba a nan laifin yake ba. Django yana da get_or_create, wanda ke nemo abu, in babu ya ƙirƙira. Ya karya ƙa'ida, amma ya sanar a sunansa, don haka ba wanda zai ce an yaudare shi. Wanda ya fi shi illa shi ne save, kalma mai kwantar da hankali, wadda a Django da Spring Data takan zama shigar da sabon layi wani lokaci, wani lokaci kuma ta zama rubutu a kan tsohon layi, gwargwadon ko abin yana da lamba a rumbu. Mai zaton yana ƙara sabon ma'aikaci yana iya danne tsoho. Haka nan executeUpdate na JDBC, hanyar da Java ke bi ta isa rumbu tun 1997: sunansa sabuntawa, amma da shi ake shigarwa, da shi ake cirewa, har da rushe jadawali.

Wani lokaci kuma gyaran suna yakan bar tabo. Harshen PHP yana da mysql_escape_string don kare rumbu daga umurnin ɓarna da maƙetaci kan cusa cikin rubutu. Da aka ga ba ya la'akari da tsarin haruffan da ake aiki da shi, sai aka kawo wani aka kira shi mysql_real_escape_string, watau "na gaske", aka bar na farko yana zaune kusa da shi shekara da shekaru. Sabon shiga kuwa gajeren yake ɗauka. Sai a bugu na 7, a 2015, aka kawar da su duka.

6.0 Tsawon suna, da sunan da ya zama jimla

Gajerun sunaye masu cin wasali gadon ƙunci ne. FORTRAN ta tsaya a baƙi shida har zuwa bugunta na FORTRAN 77, dBASE ta ba sunan gurbi goma, Oracle ta daɗe a talatin kafin bugu na 12.2 ya kai 128. Ƙuncin ya wuce, al'adar ta saura. Hofmeister da Siegmund da Holt sun gwada ƙwararru 72 a 2017, suka ga masu karanta cikakkun kalmomi sun fi masu karanta taƙaitattu saurin gano kuskure da kashi 19 cikin 100.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne abin da Spring Data ya yi, wanda ya kamata masu ginin jimla su duba. A can na'ura tana karanta sunan ƙulli ta feɗe shi, ta gina jimlar SQL daga gare shi. Suna yana farawa da aikatau, sai By, sai sunayen gurabe haɗe da And ko Or, sai OrderBy in ana son jerantawa. Mai rubutu ba ya rubuta komai cikin ƙullin, sunan shi ne umurnin. Fa'idar wannan ita ce suna ba ya iya yin ƙarya, tun da daga gare shi aikin ya fito. Aibinsa kuwa, da sharuɗɗa sun kai huɗu ko biyar sai suna ya cika layi, ya faɗi yadda za a tace amma bai faɗi dalili ba. Sunan da ke cewa "ɗaliban da suka cancanci shiga aji na gaba" ya fi amfani ga mai karatu bisa ga wanda ya jero gurabe biyar, domin ranar da makaranta ta sauya sharaɗi, na farko yana nan daidai, na biyu kuwa sai an bi duk inda aka ambace shi an sauya.

7.0 In da Hausa za a raɗa

Python tun bugu na 3 a 2008, da Java tun farkonta, sun yarda a sa haruffan da ba na Ingilishi ba cikin suna, saboda haka ɓ da ɗ da ƙ suna shiga. Alamar ɗauri ta 'y ba ta shiga, domin na'ura tana ɗaukarta buɗe zance, sai dai a yi amfani da ƴ irin ta rubutun Nijar. Wanda ya zubar da ƙugiya don sauƙin bugu zai haɗa kafa da ƙafa, ya bar mai karatu yana canke.

Azuzuwan aikatau riba ce babba, kamar yadda aka gani, amma suna zuwa da nasu sharaɗi. Aikatau ɗan aji biyu yana sauya wasali gwargwadon abin da ke biye: nema in ba karɓau, nemi gaban suna, neme gaban wakilin suna. Dole ƙungiya ta tsayar da siga ɗaya, in ba haka ba za a wayi gari da nemiƊalibi a wani shafi da nemaƊalibi a wani, na'ura kuwa baƙi biyu take ganinsu. Har wa yau rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gyara a rubuce yana iya zama umurni, yana iya zama sunan aikin. A jimla muhalli yakan raba gardama, amma sunan ƙulli shi kaɗai yake tsayawa. Mafita mafi sauƙi ita ce a ɗaura wa kowane aikatau karɓau, a ce gyaraMaki don ƙulli, a bar gyaranMaki don bayanin da aka adana game da gyaran.

Inda Hausa da Ingilishi suka gauraya, tsarin Spring Data yakan haifar da abin da masu nazarin sauya harshe tsakiyar zance za su so gani. Idan gurabe sun ɗauki sunayen suna da shekara da maki, ƙullin zai fito findBySunaAndShekaraOrderByMakiDesc, kuma na'ura za ta feɗe shi ba gardama. Aikatau da mahaɗai duk na Ingilishi ne, Hausa ba ta sami gurbi ba sai na sunaye, irin rabon da aka saba gani tsakanin harshen da ke riƙe da ƙashin jimla da wanda ke ba da aron kalmomi. Wasalin -o na nemo ba shi da wurin zama a nan, domin mai feɗe sunan aikatau ƙalilan kawai ya sani, kuma find da get da read da query duk ma'ana ɗaya ya ba su.